Yaron Da Ke Zubar Da Ruwa: Tarihin Binciken Motsin Jiki A Ciwon Galahanga

A gidanmu akwai wani ƙanena, ɗakinmu ɗaya da shi, wanda tun tasowarsa ba a ba shi kwanon ruwa ya kai wa baƙo, domin kafin ya isa zaure rabi ya ƙare a rigarsa. Idan zai shiga ɗaki sai ya bugi dokin ƙofa da kafaɗa, kai ka ce an matsar da ƙofar ne bai sani ba. Ya kai shekara 11 bai iya ɗaure tazuge ba. In ya riƙe alƙalami, ko dai ya danna har bakinsa ya karye, ko kuwa ya kuɓuce masa ya faɗa cikin tawada. Amma fa yaron nan ya haddace izu 5 tun sa'o'insa suna fama da na biyu. Duka kam ya sha shi, a gida da makarantar allo. Wasu suka ce ganganci ne, wasu suka ce sakarci ne, wata gwaggonmu kuwa ta dage a kan iska ce ta shafe shi. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na sha kai masa rankwashi. Sai da ya shekara 13 wani likita ya ce abin da ke tare da shi shi ne wanda Turawa ke kira otizim.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun yadda masana suka lura da wannan rashin saitin jiki, da yadda suka yi watsi da shi, da kuma yadda suka dawo kansa daga baya. Gidajen rediyo na Hausa sukan fassara otizim da galahanga. Zan yi amfani da kalmar, amma ba da son raina ba, domin a bakin mutane takan haɗa har da yaran da ke da wasu larurori dabam, kuma tana ɗauke da raini.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu ɗan tsaya a kan harshe, tun da shi ne fagenmu. Bahaushe da kalmar "ji" yake ɗaukar sauti da wari da ɗanɗano da zafi da yunwa, har ma da fahimtar magana. Gani kaɗai ya ware. To, akwai wani ji wanda ba mu ba shi suna ba don ba ya yi mana gardama. Mai karatu ya rufe idonsa ya taɓa hancinsa da yatsa; zai same shi ba tare da lalube ba. Wane ne ya gaya masa inda hannun yake? Jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi su ne ke aika wa ƙwaƙwalwa labari ba dare ba rana. Wani likitan Sikotilan, Charles Bell, ya yi bayanin wannan jin tsoka a 1826, sa'an nan Charles Sherrington na Ingila ya raɗa masa sunan da masana ke amfani da shi a 1906, ya kuma bambanta shi da jin abin da ke cikin ciki, watau irin su yunwa da ƙishirwa da matsuwar fitsari. Ni dai a nan zan kira na farkon "jin gaɓa", na biyun kuwa "jin ciki". In 'yan ƙungiya suna da waɗanda suka fi su, bisimilla.

Ita kalmar otizim wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya baza ta a 1911, amma manya masu taɓin hankali yake nufi, waɗanda suka janye daga mutane suka shige cikin kansu. Wadda ta fara siffanta yaran da muke magana a kansu mace ce, Grunya Sukhareva, likitar yara a birnin Mosko. A 1925 ta buga bayanin yara maza 6 da harshen Rashanci, aka buga shi da Jamusanci a 1926. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, ba ta tsaya ga rashin cuɗanyarsu da sauran yara ba. Ta rubuta cewa tafiyarsu ba ta da tsari, motsinsu a sandare yake ko a sake, wasan motsa jiki yana ba su wuya, fuskarsu kuma ba ta cika nuna abin da ke zuci ba. Duk da haka ɗaya daga cikinsu gwanin kaɗa gogen Turawa ne. Har ma ta yi hasashen cewa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya, wadda ke daidaita motsi, tana da hannu a lamarin. Wannan aiki ya kwanta kamar ba a yi shi ba, sai a 1996 Sula Wolff ta fassara shi zuwa Ingilishi. Shekara 70 ke nan.

A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka ya buga bayanin yara 11, maza 8 mata 3, kuma daga nan duniya ta san ciwon. Shi ma ya lura cewa wasunsu suna da rashin saiti a tafiya, ko da yake ya ce sun iya aikin yatsu. Akwai kuma wani abu da ya ji daga bakin iyayen, wanda ya tsaya mini a rai. Jariri mai 'yan watanni, idan ya ga uwarsa ta sunkuyo za ta ɗauke shi, yakan shirya jikinsa, ya ɗaga kafaɗa ya miƙo hannu. Waɗannan yara ba su yi haka ba, kuma in an ɗauke su ba sa gyara jikinsu ya dace da na mai ɗaukar. Da na je hutu na fassara wa mahaifiyarmu wannan wuri, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Ai kuwa haka ya yi mini. Duk 'ya'yana in na goya su sukan lafe a bayana, shi kuwa kamar na goya itace. Sau biyu nake ɗaure majanyi." Na ce, "Inna, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Shekara guda bayan Kanner, watau 1944, Hans Asperger ya buga nasa bayanin a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a kan yara maza 4. Shi kam ya nanata zancen rashin saiti: rubutun hannu mai muni, kasa bin sahun sauran yara a wasan motsa jiki, kasa cafe ƙwallo. Ba zan wuce sunan mutumin nan ban faɗi abin da masanin tarihi Herwig Czech ya fito da shi a 2018 ba, cewa ya yi aiki tare da hukumomin 'yan Nazi, har ya tura yara zuwa wani asibiti da aka riƙa kashe naƙasassun yara a cikinsa.

To, ga mutum uku a ƙasa uku, duk sun ga abu ɗaya a jikin yaran. Me ya sa aka manta? A ganina laifin na zamanin ne. A shekarun 1950 da 1960 masu bin ra'ayin Freud su ke da bakin magana a Amurka, su kuwa komai a zuci suke nemansa. Aka ce uwa ce ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba, shi ya sa ya janye. Bruno Bettelheim na Shikago ya cika littafi guda da wannan zance a 1967. Wanda ya ɗauka cewa ciwon daga sanyin halin uwa yake, ina ruwansa da yadda yaro ke taka matakala? Mu muka ce iska ce, su suka ce uwa ce, yaron kuwa yana can yana tuntuɓe. Bernard Rimland, wanda shi kansa uban irin wannan yaro ne, ya ƙaryata zancen a 1964, ya ce daga halittar ƙwaƙwalwa abin yake. Binciken tagwaye 21 da Susan Folstein da Michael Rutter suka buga a 1977 ya nuna akwai gado a ciki.

A wannan tsakani waɗanda suka riƙe zancen jiki su ne masu koya wa naƙasassu ayyukan yau da kullum. Fitacciyarsu ita ce Jean Ayres ta Kaliforniya, wadda a littafinta na 1972 ta ce wasu yara ƙwaƙwalwarsu ba ta iya haɗa saƙonnin da ke zuwa daga fata da gaɓoɓi da ma'aunin daidaito da ke cikin kunne. Ta riƙa sa su a lilo da wasannin jujjuyawa. Har yanzu masana suna jayayya a kan iyakar amfanin wannan hanya tata, amma tambayar da ta ɗora ta zauna.

Nahiyarmu ma ta shigo labarin. A 1978 Victor Lotter ya buga sakamakon zagayen da ya yi a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya da Gana, inda ya duba yara a cibiyoyin masu raunin ƙwaƙwalwa, ya kuma sami masu wannan ciwo. Ashe ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu suka zata. Sai dai wanda aka kai cibiya kaɗai ya gani. Irin su ƙanena suna tsakar gida.

Daga 1980 abubuwa suka yi sauri. Lorna Wing ta farfaɗo da aikin Asperger a 1981, Christopher Gillberg na Suwidin kuma ya sa rashin saitin motsi cikin alamominsa a 1989. A 1985 Margaret Bauman da Thomas Kemper suka duba ƙwaƙwalwar wani mai ciwon bayan rasuwarsa, suka sami ƙarancin wasu ƙwayoyin halitta a ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya, wurin da Sukhareva ta nuna da yatsa. A 1998 Philip Teitelbaum da abokan aikinsa suka tattara finafinan gida na jarirai 17 waɗanda daga baya aka tabbatar suna da ciwon, suka ga cewa tun suna wata 4 zuwa 6 birgimarsu da zamansu da rarrafensu sun sha bamban da na sauran jarirai.

Amma a wurina babban sauyi shi ne lokacin da masu ciwon suka fara magana da bakinsu. Temple Grandin, Ba'amurkiya masaniyar dabbobi, ta buga tarihin rayuwarta a 1986. Ta bayyana yadda runguma ke firgita ta tana ƙarama alhali jikinta yana marmarin a matse shi, har ta ƙera wa kanta wani akwatin matsi tana shekara 18, bayan ta ga irin wanda ake matse shanu a ciki a gonar gwaggonta. Ta kuma ce daidaita tafinta da na jama'a yana ba ta wuya. Bayanta wasu da dama suka rubuta cewa ba sa sanin inda ƙafarsu take sai sun duba, ko kuwa ba sa jin yunwa da ƙishirwa sai jiri ya kama su. Watau jin gaɓa da jin ciki ke nan. Da na karanta wannan na gane dalilin da ya sa ƙanena yake son naɗe kansa tam cikin bargo ko da bazara ce, da dalilin da ya sa sai an tuna masa ya sha ruwa.

Hukuma kuwa kullum ita ce a baya. Sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa yawan ji ko ƙarancinsa cikin alamomin ciwon, amma bai sa rashin saitin motsi cikin sharuɗɗan gano shi ba. Alhali wani bincike da Anjana Bhat ta buga a 2020, a kan yara fiye da 11,000 a Amurka, ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 suna da alamun matsalar motsi, gwargwadon amsoshin da iyayensu suka bayar. Dole in ƙara da cewa ba duka ba ne, kuma ba iri ɗaya ba ne: wani ba ya iya cafe ƙwallo amma ya iya zane, wani kuma akasin haka.

Ƙanena yanzu shekararsa 16. Wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mana mu rarraba masa aiki gaɓa-gaɓa, mu bar shi ya kalli hannunsa yana yi, kada mu hanzarta shi. Inna ta sa tela ya sa masa roba a wanduna maimakon tazuge, Baba kuma ya je da kansa ya roƙi malaminsu a daina dukansa saboda tawada. A hutun da ya wuce wani abokina ya kawo mini ziyara, sai na ga yaron ya fito da ruwa a kofi mai murfi, ya riƙe da hannu biyu, idonsa a kan ƙafafunsa, yana ƙidaya taku a hankali har zaure. Taku 14 ne, in ji shi.