Karatun kimiyyar siyasa a kwalejojin al'umma na Amurka: yadda tsarin yake da inda gizo ke saƙa

Kwalejin al'umma a Amurka makarantar gaba da sakandare ce ta gwamnati, wadda ake kammalawa cikin shekara biyu a fito da ƙaramin digiri. Ta farko a cikinsu ita ce Kwalejin Joliet da ke jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. Sunan "kwalejin al'umma" kuwa ya yaɗu ne bayan rahoton kwamitin da Shugaba Harry Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi, wanda ya fito a 1947. Akasarinsu kan ɗauki duk wanda ya gama sakandare ba tare da tankaɗe da rairaya ba, shi ya sa suka zama mafakar 'ya'yan talakawa, da baƙin haure, da ma'aikatan da ke karatu da dare.

Abin da ake koyarwa

Ɗalibin kimiyyar siyasa kan fara ne da darasin gwamnatin Amurka: kundin tsarin mulki, rabon iko tsakanin majalisa da shugaban ƙasa da kotuna, da dangantakar tarayya da jihohi. Daga nan sai kwatanta tsarin mulkin ƙasashe, hulɗar ƙasa da ƙasa, da falsafar siyasa tun daga Aflatun har zuwa John Locke da Karl Marx. Sai dai waɗannan kaso kaɗan ne na kimanin maki 60 da ake bukata. Sauran na darussan gama-gari ne, irin su rubutun Turanci, lissafi, tarihi da kimiyya. A jihar Texas, doka ta wajabta wa kowane ɗalibin kwalejin gwamnati darussa kan kundin tsarin mulkin ƙasa da na jihar, ko me yake karanta.

Kuɗin makaranta

Ɗan yankin da kwalejin take kan biya kusan dala 4,000 a shekara, ƙasa da rabin abin da jami'ar jiha ke karɓa. Jihar Tennessee ma ta ɗauke wa sabbin masu kammala sakandare kuɗin tun daga 2015. Ɗalibin ƙasar waje ba ya cikin wannan rangwame: kuɗinsa ya fi yawa, ba ya samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya, kuma sai ya nuna shaidar iya ɗaukar nauyin kansa kafin a ba shi bizar F-1.

Inda gizo ke saƙa

Ƙaramin digiri shi kaɗai ba kasafai yake kai mutum ga aikin nazarin manufofin gwamnati ba, kuma makarantun koyon aikin lauya digiri cikakke suke nema. Don haka ainihin amfanin wannan karatu shi ne tsallakawa jami'a a ƙarasa shekara biyun da suka rage. A nan ne da yawa ke yin asara. Rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka na 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na makin da suka tara, saboda sabuwar makarantar ta ƙi amincewa da shi. Kowane darasin da aka ƙi, lokaci ne da kuɗi da za a sake kashewa.

Jihar Kalifoniya ta yi wa matsalar doka a 2010: wanda ya kammala ƙaramin digiri na musamman don tsallakawa, ciki har da na kimiyyar siyasa, yana da tabbacin gurbi a rukunin jami'o'in jihar na CSU, ko da yake ba lallai a harabar da ya zaɓa ba. A inda babu irin wannan doka, abin dubawa kafin rajista shi ne rubutacciyar yarjejeniya tsakanin kwalejin da jami'ar da ɗalibi ke hari, wadda ta lissafa darussan da za a karɓa ɗaya bayan ɗaya.