Faɗaɗa Ƙasa da Matsalar Bauta a Ƙasar Katsina a Ƙarni na 19

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu dubi yadda batun mallakar ƙasa da batun mallakar bayi suka sarƙe da juna a ƙasar Katsina tun daga jihadin 1804 har zuwa shigowar Turawa a 1903. Za mu fi mai da hankali ga tsakiyar ƙasar, watau yankin Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyukan da ke kewaye da su irin su Ɗantutture, domin a cikin wannan ƙarni yankin ya zama bakin daga tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan Maraɗi. Za mu kuma riƙa waiwayar tarihin Amurka na wannan zamani ɗin, saboda su ma can sabuwar daula ce da ta kafu a kan wata manufa, ta yi ta faɗaɗa, daga bisani maganar bayi ta raba kan mutanenta. Kwatancin zai taimaka mana mu gane abin da muka yi tarayya da su a kai, da kuma inda hanyoyinmu suka rabu.

2.0 Daula Biyu a Zamani Ɗaya

Amurkawa sun yi shelar 'yancinsu daga Ingila a 1776, suna jihohi 13 a bakin Tekun Atlantika, a kan manufar cewa duk mutane daidai aka halicce su, alhali kuwa da yawa daga cikin shugabanninsu masu bayi ne. A 1803 suka sayi ƙasar Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, girman ƙasarsu ya kusan ninkawa. Shekara guda bayan haka, a 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto, daular da za ta zama ta Sakkwato ta kama hanyar kafuwa.

Ya kamata mu tuna cewa batun bauta na cikin musabbabin jihadin tun daga tushe. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, inda ya lasafta mutanen Katsina da Kano da Barno cikin Musulmin da bai halatta a bautar da su ba. Duk da wannan fatawa ba a daina kamun 'ya'ya ana sayarwa ba, kuma wannan na cikin laifuffukan da Shehu ya zargi sarakunan Hausa da su. Abin da ya hura wutar rikici tsakaninsa da Sarkin Gobir Yumfa ma shi ne kamun mutanen Abdussalami na Gimbana, waɗanda jama'ar Shehu suka kwance sa'ad da aka zo wucewa da su ta kusa da Ɗegel. Amma fa lalle ne mu fahimci cewa malaman jihadi ba su ce a hana bauta ɗungurungum ba. Abin da suka yi yaƙi da shi shi ne bautar da ɗa Musulmi. Saboda haka tambayar da ta dame su ita ce: wane ne ya halatta a bautar? Amurkawa kuwa, tun da sun riga sun yanke cewa baƙar fata ne bawa, tambayar da ta raba su ita ce: a wace sabuwar ƙasa za a yarda a kai bayi?

3.0 Katsina Ta Rabu Biyu

Tuta uku aka ba mutanen ƙasar Katsina: ta Malam Ummarun Dallaje, da ta Malam Ummarun Dumyawa, da ta Malam Muhammadu Na Alhaji, wanda daga zuriyarsa ne ake naɗa 'Yanɗakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma. A 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar Haɓe bai ƙare ba, arewa ya yi. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, shi da magadansa suka ci gaba da amsa sunan Sarkin Katsina. Ke nan aka wayi gari da Katsina biyu, harshe ɗaya, addini ɗaya, dangi a kowane ɓangare, kowa kuma yana ganin shi ne mai gaskiya.

A nan ne tambayar da muka ambata ta yi tsanani. In Bakatsinen Maraɗi mai salla da azumi ya faɗa hannun mayaƙan Katsina, mece ce matsayinsa? Hukumar Sakkwato ta ɗauki wanda ya goyi bayan abokan gaban jihadi a kan ya fita daga cikin jama'a, don haka dukiyarsa ganima ce. Ba duk malamai ne suka yarda da wannan ba. Wasu daga cikin malaman 'Yandoto sun ƙi bin jihadin, har Muhammadu Bello ya yaƙi garin. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya yi ta musayar wasiƙu da Sakkwato yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi da kama iyalansu, kuma Bello da kansa ya kawo wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri. Ko a cikin gida ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya Makka, ya tsaya a Kano, kuma cikin Tazyinul Waraƙati ya koka da waɗanda suka mai da hankali ga tara ƙwaraƙwarai da dawaki da sayar da 'ya'ya a kasuwa. Abdussalamin nan da aka faro rigimar saboda mutanensa, shi ma daga baya ya yi tawaye a Kware, aka ci shi da yaƙi a 1818. Wannan duka ya nuna mana cewa saɓanin na cikin gida ne, tun Bature bai zo da tasa dokar ba.

4.0 Bakin Daga: Ruma, Kurfi da Tsakiyar Katsina

A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron dangin Gobirawa da Maraɗawa da Azbinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Wannan nasara ba ta kawo zaman lafiya ba. Wajen 1843 zuwa 1844 garuruwan yankin Ruma suka yi bore da goyon bayan Ɗan Mari na Maraɗi. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe boren da ƙarfin tsiya, aka watsa garuruwa, aka kwashi mutane, ƙasar da a da take cike da gonaki ta koma dajin da aka sani da Dajin Rubu. A 1844 aka tuɓe Siddiku, amma ɓarnar ta riga ta auku. Dajin ya zama hanyar da mahara daga Maraɗi da Tsibiri suke bi su faɗo wa tsakiyar Katsina, kuma Kurfi da maƙwabtanta su ne a bakinsa.

Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya iske Birnin Katsina, mai ganuwar da ta kai mil 13 ko fiye, da mutanen da ya ƙiyasta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, domin fatake da masu sana'a sun koma Kano. A 1853, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya bi ta Kuraye ya sauka Kurfi. Abin da ya ba shi mamaki shi ne irin tsaron garin: ganuwa, da gwalalo bayan gwalalo, da duwatsun da aka jingina garin da su. Ya kuma ba da labarin cewa ba a daɗe da kafa garin ba, kuma mazaunansa ragowar mutanen garuruwan da yaƙi ya ci ne. Cikin ayarin nasa har da wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda aka kama a ƙasar Damagaram aka sayar, daga baya aka 'yanta shi. Labarin rayuwarsa yana cikin Magana Hausa na Schön, kuma yana nuna mana yadda ɗan manomi kan kwana ɗa ya wayi gari bawa.

Irin wannan zama na tattara jama'a cikin gari mai ganuwa ya dace da manufar ribaɗi da Muhammadu Bello ya yi ta kira a kai: a zaunar da makiyaya, a tara manoma da masu sana'a da bayi a bakin iyaka, su yi noma su kuma yi tsaro. Hare-hare kuwa ba su tsaya ba. Ɗan Baskore, wanda ya yi sarautar Maraɗi, ya yi ta kai hari ƙasashen Katsina da Kano da Zazzau, sa'an nan a ƙarshen ƙarnin Ƙaura Hasau ya ɗora daga inda ya tsaya. Kowane ɓangare ya ci nasara, abin da yake korowa gida shi ne mutane da shanu.

5.0 Ƙasa Ta Yi Yawa, Hannu Ya Yi Kaɗan

A nan ne kwatanci da Amurka ya fi amfani. Bayan an ƙirƙiro injin gurzar auduga a 1793, masu gandaye na kudancin Amurka suka yi ta kutsawa yamma suna neman sabuwar ƙasa, suna korar 'yan asalin wurin, kamar yadda aka yi wa ƙabilar Ceroki a 1838. An hana shigo da bayi daga ƙetare a 1808, sai cinikinsu na cikin gida ya bunƙasa, har ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4. Dalilin a bayyane yake: inda ƙasa ta yi yawa, ɗa ba ya yarda ya yi wa wani noma alhali yana iya sarar nasa dajin, saboda haka mai son babban gandu sai ya nemi wanda zai tilasta wa.

Haka abin yake a ƙasar Katsina. Da arewa da yamma suka zama fagen fama, sai nauyin noma ya karkata kudu, wajen Katsina Laka, inda ƙasar Maska da Gozaki suka shahara da auduga da saƙa. Sarakuna da masu sarauta da attajirai suka kafa rumada, suka zuba bayin da aka samo ta hanyar yaƙi ko saye, da yawansu daga ƙasashen Gwari da sauran ƙabilun kudu. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya bayyana zaman rinji a arewacin Zazzau, maƙwabciyar Katsina Laka: bawa ya yi aikin gandun ubangijinsa daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan ya juya ga gayaunarsa. Masana tarihi Lovejoy da Hogendorn sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarni na 19 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5 a daular Sakkwato baki ɗaya.

Akwai bambanci, kuma bai kamata mu ɓoye shi ko mu zuzuta shi ba. A ƙasar Hausa bawa na iya yin murgu ya biya ubangijinsa ya yi aikin kansa, yana iya fansar kansa, ɗan ƙwarƙwara ɗa ne har ya gaji sarauta, bayin sarki kuma sun riƙe manyan muƙamai. A kudancin Amurka launin fata ya toshe galibin waɗannan ƙofofi. Amma wannan sassauci bai shafi wanda aka raba da uwarsa a bakin rijiya ba, ko wanda aka ɗaure aka tsallaka Sahara da shi, ko waɗanda aka gangara da su bakin teku, har Hausawa suka yi yawa a Bahiya ta ƙasar Barazil suka shirya tawaye a 1807. Wanda bai sha bulala ba shi ke cewa ba ta da zafi.

6.0 Yadda Aka Ƙare

Amurkawa sun yi ta ɗinkin ɓaraka: a 1820 suka ja layi a kan batun jihar Misuri, a 1854 suka soke layin, a 1861 yaƙin basasa ya ɓarke, a 1865 aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta. Da jininsu suka yanke hukuncin, ko da yake wariyar launin fata ta daɗe bayan haka. Mu kuwa hukuncin daga waje ya zo. Dokar Lugga ta 1901 ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta mai da mallakar bawa laifi ba, domin Turawa suna tsoron kada noma ya tsaya, sarakunan da suke mulki ta hannunsu kuma su karye. Katsina ta miƙa wuya a 1903, ba a kuma soke bauta baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Katsina da Maraɗi kuwa ba sulhu ne ya raba su ba, iyakar Ingila da Faransa ce ta ratsa tsakaninsu, ɗaya ta faɗa Nijeriya ɗaya Nijar. Da hari ya ɗauke, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka koma saran daji, ƙauyuka da unguwanni suka yawaita a ƙasashen Kurfi da Dutsin-Ma da Ruma.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna abubuwa uku. Na farko, jihadin da ya tashi da kukan bautar da 'ya'ya ya haifi daular da tattalin arzikinta ya dogara ƙwarai a kan bayi, kuma manyan malamansa sun ga wannan tun da wuri sun yi magana. Na biyu, yanayin zaman garuruwan tsakiyar Katsina, da ganuwoyinsu da dazuzzukan da ke yamma da su, sakamakon yaƙin Katsina da Maraɗi ne. Na uku, da yake ba mu ne muka yanke hukuncin ƙarshe da kanmu ba, maganar ta koma ƙarƙashin tabarma, sai wajen neman aure ko rigimar gona ake jin an tono asalin wani.

Har ila yau, wannan tarihi bai yi nisa da mu ba. A shekarun baya-bayan nan dazuzzukan yammacin Katsina sun sake zama maɓoyar masu kamun mutane don kuɗin fansa, kamar yadda aka gani a Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Dalilan yau dabam ne da na jiya, amma daji ɗaya ne, kuma mutum ne hajar. Saboda haka muna kira ga sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu, musamman ta Dutsin-Ma da ke tsakiyar yankin, su tura ɗalibai su auna kufai da ragowar ganuwa, su tattara labaran kafuwar ƙauyuka daga bakin dattawa, na gidajen sarauta da na zuriyar rumada baki ɗaya, tare da kiyaye mutuncin kowa, tun masu riƙe da labarin suna raye.