Biro Biyu

Kalmar nan "biro" ta ƙofa biyu ta shigo Hausa. Faransawa suka ci Damagaram cikin 1899, Turawan Ingila kuwa suka ci Kano cikin 1903, kowa ya zo da harshensa.

A Damagaram, biro shi ne ofis, an aro shi daga Faransanci. A Kano kuwa alƙalami ne mai ɗauke da tawadarsa. Ya ci sunan wani ɗan jarida na ƙasar Hungari, Laszlo Biro, wanda ya yi rajistar ƙirarsa cikin 1938.

Watau iyakar da Turawa suka shata ta ratsa har cikin harshe. Saboda haka mai karanta wasiƙa ya fara duba inda ta fito, kada a kira shi ofis ya aika da alƙalami.