Littafin sa hannu da na ɓoye a Kabo

1/
Jama'a, zare ne yau, ku gyara zama. Da na je gida Kabo hutun sallah, ina binciken tsohuwar adakar Inna sai ga littafina mai bangon shuɗi. Gara ta cinye kusan rabinsa. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

2/
Ba littafin makaranta ba ne. Littafin da nake tara sa hannun shahararrun mutane ne tun ina sakandare. 'Yan fim, 'yan ƙwallo, mawaƙa. A gida har cewa ake yi yaron nan aljanu ne suka shafe shi, me zai yi da zanen biro?

3/
Lokacin ba selfi. Sai in tara kuɗin tara na sati biyu, in hau mota daga Kabo in sauka Kabuga, in nufi titin Gidan Zoo inda ofisoshin 'yan fim suke. In tsaya a rana da biro. Wani ya sa maka hannu yana dariya, wani ya wuce ko kallo babu.

4/
Na daɗe ina zaton wannan ɗabi'ar Turawa ce muka ara. Daga baya na gane kakanninmu sun san darajar rubutun hannun babban mutum tun kafin Bature ya zo. Bari mu koma baya.

5/
A zamanin Daular Usmaniyya, wasiƙun sarakuna da Larabci ake rubuta su, a buga hatimi mai ɗauke da sunan sarki. Hatimin nan shi ne shaida. Manzo zai yi kwanaki a kan doki daga Kano zuwa Sakkwato, in takarda ba hatimi, wa zai yarda daga fada ta fito?

6/
Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari. Wani jami'insu, H.F. Backwell, ya fitar da fassararsu a littafi a 1927. Da yawa daga abin da muka sani na halin da sarakuna suka shiga gab da zuwan Turawa, daga takardun nan ne. Wani ne ya adana, shi ya sa muka gani.

7/
Malamai ma haka. Ɗalibi ya sauke littafi, malam ya rubuta masa ijaza: wane ya karanta a wurina, ni na karanta a wurin wane, har sama. Mai kwafar littafi kuma yakan rubuta sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Ka ga sa hannu ke nan, amma mai nauyi.

8/
Sai zamaninmu. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, mujallar Fim ta fara a 1999, ga kaset a Ƙofar Wambai. Nan taurari suka samu fuska. Muka fara yanke hotunansu muna liƙawa a bango, masu ƙarfin hali irina suka ce sai sun ga mutum ido da ido.

9/
Shafukan da na fi cikawa na ƙwallo ne. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan 2012, 2013, 2014 a jere. Bakin ƙofar filin Sani Abacha bayan an tashi wasa, turereniya kamar ana rabon zakka. Sau ɗaya har takalmina na rasa.

10/
Akwai shafi ɗaya da na rubuta suna a sama na bar shi fari: Rabilu Musa Ibro. Kullum ina cewa sai wani zuwan. A Disamba 2014 aka wayi gari da labarin rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa. Shafin yana nan yadda yake, gara ma ba ta taɓa shi ba.

11/
Abin dariya, duk wanda ya yi min gori yana yawo da sa hannun wani a aljihu. Ɗauko naira ka duba, akwai na gwamnan babban banki. Tsofaffin kuɗin 2009 zuwa 2014 na ɗauke da na Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya zama Sarkin Kano a 2014.

12/
Amma mafi tsada a littafin ba na tauraro ba ne. Wata rana kakata ta ce, "Kai ɗan nan, ni ba za a sa ni ba?" Ba ta iya boko ba. Na shafa mata tawadar biro a babban yatsa, ta dangwala a shafin ƙarshe tana dariya. Shekara tara ke nan da rasuwarta. Duk gidanmu babu wani abu da ya rage mai ɗauke da shatin hannunta sai wannan.

13/
Hotunan selfi da na yi daga baya sun tafi da wayar da aka sace min a kasuwa. Takardar da aka raina ita ta rage, duk da gara.

14/
Don haka in kun je gida, ku buɗe adakar tsofaffi. Wasiƙar Ajami, rasit ɗin haraji, ijazar kaka, ku ɗauki hoto, ku sa a leda, ku ɗaga daga ƙasa. Ni dai na kai nawa an yi masa sabon bango.

Wa ke da irin wannan a gida? Ku turo mu gani.