Harajin Manomi Da Karatun Ɗalibi

Ku 'yan makaranta, kun taɓa tambayar kanku daga ina kuɗin karatun magabatanku ya fito? To, bari mu ba ku labari tun daga tushe.

A zamanin En'e, kowace shekara bayan kaka, dagatan ƙasar Sabon Birni da ta Isa sukan tara haraji daga manoma, a karɓi jangali daga Fulani, hakimai su kai Sakkwato. Can a raba, kashi guda na Gwamnati, kashi guda ya shiga Baitulmali. Daga wannan dukiya ake biyan alƙalai da dogarai, daga cikinta kuma ake ɗaukar nauyin 'yan makaranta.

Cikin 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horon malamai. Larduna suka riƙa aika zaɓaɓɓun yaransu, a ba su abinci da makwanci da littattafai, iyayensu ba su biya ba. Ahmadu, ɗan hakimin Rabah, ya shiga cikin 1926, ya fito cikin 1931, ya komo Sakkwato yana koyarwa. Shi ne daga baya ya zama Sardauna. Abin da ake bukata ga wanda aka ɗauki nauyinsa ke nan, watau ya komo gida ya karantar da na baya.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sai ƙofa ta ƙara buɗewa. Cikin 1945 Majalisar Ingila ta ware fam miliyan 120 don raya ƙasashen da ke ƙarƙashinta cikin shekara goma, har da sha'anin ilmi. A shekaran nan Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi London ƙaro ilmin koyarwa da kuɗin hukuma, Malam Aminu Kano ya bi sawunsa cikin 1946. Sa'an nan aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, da ta Sakkwato cikin 1975.

Mulkin En'e ya ƙare cikin 1976, amma maganar tana nan. Cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu kan dokar ba ɗalibai rance ba ruwa, wanda za su fara biya bayan sun gama karatu. Wannan bashi rubutacce ne. Amma mu muna ganin na dā ma bashi ne, ko da ba a rubuta shi ba, gama manomin da ya sayar da damin geronsa a kasuwar Sabon Birni don ya biya haraji, sau da yawa ɗansa bai taɓa shiga aji ba.

Saboda haka duk wanda hukuma ta ɗauki nauyinsa a cikinku, ya san guminsu wa yake ci. In ya gama, kada ya raina aikin ƙauye, gama ƙauyukan bakin iyakan nan suna jiran malami da likita. Allah ya ba ku ikon biya, amin.