Matar Da Ta Rubuta Tarihinta Da Allura



Mu da muka taso a Ƙofar Kware mun saba ganin maɗinka zaune a inuwa da zare da allura, suna fitar da aska takwas a gaban babbar riga. Yau za mu leƙa rayuwar wata mata da ta ɗinka tarihin gidansu da irin wannan allurar.

An haifi Esther Nisenthal Krinitz a 1927 a ƙauyen Mniszek na ƙasar Folan, iyayenta Yahudawa ne. Tun tana yarinya ta koyi ɗinki. A watan Oktoban 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka umarci Yahudawan yankin su hallara a tashar jirgin ƙasa ta Kraśnik. Esther, mai shekara 15, ta ƙi bin ayarin. Ta ja ƙanwarta Mania mai shekara 13 suka gudu, suka sauya suna, suka ɓoye asalinsu, suna aikatau a gonakin mutane. Iyayensu da sauran 'yan uwansu kuwa, rabuwar ke nan har abada.

A 1949 ta koma Amurka da zama. Sai a 1977, tana da shekara 50, ta ɗinka hoton gidan da ta girma a ciki, don 'ya'yanta mata biyu su ga inda ta fito. Daga nan aikin ya ci gaba har ya kai ƙyalle 36, kuma takan ɗinka taƙaitaccen bayani a ƙasan hoton. Ta rasu a 2001.

Ga abin lura gare mu. Ba ta yi wa'azi a kan zalunci ba, abin da idonta ya gani ta nuna: shanu a makiyaya, furanni a bakin hanya, kekunan doki ɗauke da mutanen da ba za su dawo ba. Kyawun wurin shi ke ƙara wa mai kallo zafin abin.

To mu fa? A 1903 an gwabza a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har Burmi da ɗimbin jama'a. Mun san sunayen manya, amma matan da suka bi wannan ayarin da goyo a baya, wa ya rubuta nasu? Yau ma akwai matan Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, wasu suna nan cikin garin nan.

Aikin wannan mako: mu zauna da wata dattijuwa, mu nemi izininta, mu tambaye ta yadda tsakar gidansu take kafin su baro shi. Mu rubuta shafi ɗaya, kada mu ƙara gishiri.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.