Inji da kwarmin jirgin ruwa: Abin da ake dubawa kafin a bar gaɓa

Jos gari ne na kan tudu, ba kasafai ake danganta shi da sufurin ruwa ba. Amma haƙar kuzar da aka yi a yankin tun farkon ƙarni na 20 ta bar manyan kududdufai masu zurfi, waɗanda wasunsu suka zama wuraren shaƙatawa. Fitacce a cikinsu shi ne tafkin Rayfield da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, inda ake zagayawa da baƙi a ƙananan jirage, musamman a lokutan bukukuwa. A can kudu kuma, matafiyan da suka bi ta Shendam za su Wukari sukan tsallake Kogin Binuwai a Ibi, su da kayansu da ababen hawansu, a kan jirage masu inji.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan jirage, daga na yawon shaƙatawa har zuwa kwale-kwalen fito na Yawuri da Fatigi, ya dogara ne da abu biyu da fasinja ba ya lura da su: lafiyar inji, da yawan ruwan da ya taru a ƙarƙashin daɓen da yake takawa.

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a Kogin Neja a kan hanyarsa ta zuwa Warra a Jihar Kebbi. A ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka rasa rayuka 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Fatigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki. Dalilan da aka saba ambata bayan irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, da tsufan jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar kariya. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ba a cika tsayawa a kansa ba: jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar kogi ba ya tuƙuwa, igiyar ruwa kan juya shi ta buge shi ta gefe, kuma idan da ruwa a cikinsa tun farko, ɗan motsin fasinjoji ya isa ya kifar da shi.

Kwarmin jirgi

Kwarmi shi ne wuri mafi zurfi a cikin jirgi, ƙarƙashin daɓe, inda duk ruwan da ya shigo yake gangarawa ya kwanta, ko na sama ne, ko na feshin igiyar ruwa, ko wanda ya tsattsafo ta tsakanin katako. Babu jirgin katako da kwarminsa ke bushewa ƙaƙas, shi ya sa masu fito suke ajiye yaro da yankakkiyar jarka yana kwarfar ruwa a hanya. Abin dubawa shi ne ko ruwan yau ya fi na jiya, kuma daga ina yake shigowa.

Lissafin nauyinsa mai sauƙi ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai tsawon mita 10 da faɗin mita 2, idan ruwa ya kwanta a cikinsa zurfin santimita 10 kacal, wato bai wuce idon sawu sosai ba, to yana ɗauke da lita 2,000. Nauyin buhun siminti 40 ke nan, ko manyan mutane kusan 30 da ba su biya kuɗin fito ba, ba a kuma ƙidaya su cikin lodi ba.

Ruwan ya ma fi simintin haɗari, domin buhu yana zaune inda aka ajiye shi, shi kuwa ruwa yana bin karkata. Da zarar jirgi ya ɗan jirkice, sai ruwan ya kwarara gaba ɗaya zuwa wannan gefen ya ƙara danne shi. Wannan ne ya kifar da babban jirgin fiton nan Herald of Free Enterprise a bakin tashar Zeebrugge ta ƙasar Beljiyam ranar 6 ga Maris, 1987, bayan ruwa ya shiga daɓen da ake jera motoci. Mutum 193 suka mutu, kuma kifewar ba ta ɗauki fiye da 'yan mintuna ba.

Ƙaramin rami ma ba abin rainawa ba ne. Huda mai faɗin santimita biyu da rabi, idan tana santimita 30 ƙarƙashin ruwa, tana shigo da fiye da lita 40 a minti ɗaya, wato tan guda cikin ƙasa da rabin awa. A tafkin Kainji, inda ruwa ya shanye dazuzzuka bayan kammala madatsar a 1968, kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa suna iya yi wa jirgi ɓarnar da ta fi wannan nesa.

Saboda haka dubawar safe takan fara ne da ɗaga allunan daɓe. A kwarfe ruwan tas, a share, sannan a jira a ga inda danshi zai fara bayyana. A jirgin katako, wuraren da aka fi zargi su ne mahaɗar alluna, da gindin ƙusoshin da suka yi tsatsa, da tsofaffin facin kwano da kwalta, da kuma allon baya da ake maƙala inji, wanda girgiza ke sassauta shi a hankali. Katakon da tsinin sukudireba ya nutse a cikinsa ba tare da an matsa ba ya ruɓe, kuma fenti ba ya warkar da shi. A jirgin faiba ko na ƙarfe, a duba toshiyar magudanar baya, da duk inda bututu ya huda jikin jirgi.

Launin ruwan da warinsa suna ba da labari. Idan akwai ƙyallin mai a samansa, to inji ko tanki na yoyo. Idan ɗumi gare shi, daga bututun sanyaya inji ko na salansa yake fitowa. Jirgin da ke da famfon lantarki na fitar da ruwa, a ɗaga maɓallinsa mai tasowa da hannu a tabbatar ya kama, a kuma cire ledar ruwa da ɓawon gyaɗa da yashi daga rariyarsa, domin su ne suka fi kashe irin wannan famfo. Ko yana aiki, bokiti ba ya barin jirgi. Ruwan da ya gauraya da mai kuwa ba a zubar da shi a kogi ko tafkin da jama'a ke sha suna kamun kifi. A tsane man da tsumma tukuna, a fita da shi tudu.

Injin maƙalawa

Mafi yawan jiragen fito a Arewa suna amfani ne da injin da ake maƙalawa a baya, irin su Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40 ko 75, wanda ake gauraya masa fetur da mai. Ma'aunin da aka fi bayarwa ga irin waɗannan injuna shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25, sai dai littafin kowane inji shi ne hujja. Man da aka yi domin wannan aiki yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin galan. Masu rage shi domin tsimi, ko masu zuba baƙin man mota a madadinsa, sukan biya bashin da fistin da ringi.

Injin yana sanyaya kansa ne da ruwan da yake tafiya a kai. Wata 'yar farfelar roba da ke cikin ƙafarsa ce ke zuƙo ruwan ta tura shi sama, shaidar aikinta kuma ita ce siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan inji. Matuƙin da ya san aikinsa ba ya barin gaɓa sai ya ga wannan tsartuwa, kuma yakan waiwaya ya dube ta a hanya. Idan ta tsaya ko ta yi rauni, a kashe inji nan take, a ɗaga ƙafar a duba ko leda ko kainuwa ta toshe mashigar ruwan. Yashin Neja da Binuwai yana cin robar da sauri, musamman da rani lokacin da jirage ke gogar ƙasa, don haka canza ta sau ɗaya a shekara ba almubazzaranci ba ne. Tayar da inji a tudu babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne domin gwaji, yana ƙona ta.

Sai man giyar ƙafa, wanda ake canzawa bayan kamar awa 100 na aiki. Idan ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga. Sau da yawa zaren koma ko na fatsa ne ya naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwan, shi ya sa ake cire farfelar lokaci-lokaci a warware zaren a shafa giris.

A Jos akwai ƙarin abin lura. Garin yana kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Injin da aka saita a Legas ko Lakwaja, idan aka kawo shi Rayfield, ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, fetur ya yi wa iska yawa, fulogi ya riƙa yin baƙi. Mai jirgin yakan ɗauka an sayar masa da jabu. Maganin yana wajen makaniki, ya sake saita kafireto ko ya sa farfelar da ta dace, tare da rage lodi. Sanyin daren Disamba da Janairu kuma yana sa raɓa ta taru a cikin tankin da aka bari rabi, ruwan ya kwanta a ƙasa ya bi tiyo zuwa inji. Cika tanki da yamma da tace mai kafin zubawa suna rage wannan.

Ɗakin inji

Manyan jiragen fito da na sintiri da wasu na shaƙatawa suna da injin dizal ko na fetur a girke a cikinsu, a ɗaki ko akwati na musamman. Kafin a tayar, ana duba baƙin mai da ruwan sanyaya inji da taurin bel, kamar dai a mota. Baƙin gari a kusa da bel alama ce ta yana cinyewa. Kofin da ke ƙarƙashin matatar dizal yana tara ruwa da datti, a tsiyaye shi. Batir ya zama a ɗaure, kawunansa babu farin gari.

Bambancinsa da mota shi ne an huda jikin jirgin domin ruwa ya shigo ya sanyaya inji, kuma sandar farfela ta ratsa ta fita waje. Kowace huda tana da famfon rufewa, wanda ya kamata a riƙa buɗewa ana rufewa domin kada ya ƙage ranar da ake buƙatarsa. Tiyon da ke ƙasa da layin ruwa ana ɗaure shi da zobe biyu, kuma wanda ya yi laushi ko ya tsattsage a canza shi kafin ya fashe. Inda sandar farfela ta fita, a irin tsohon tsarin da ake cusa igiya mai maiƙo, ɗigo kaɗan a minti yayin tafiya daidai ne, shi ne ke sanyaya wurin. Idan ya zama zuba, ko wurin ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba, da gyara.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi na nufin lodi ya yi yawa ko iska ba ta isa ba, abin da ƙurar hunturu ke jawowa idan ta toshe matatar iska. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa a inda bai kamata ba, ko man da bai ƙone ba.

Mafi munin haɗarin ɗakin inji shi ne tururin fetur. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi ya fita, sai ya gangara ya kwanta a kwarmi yana jiran tartsatsi ɗaya daga batir ko sigari. A Amurka ƙa'idar da ake liƙawa kusa da makunni ita ce a kunna fankar fitar da iska na aƙalla minti huɗu kafin a tayar da injin fetur. Inda babu fanka, a buɗe murfi a sunkuya a shinshina. Idan an ji warin fetur, ba a taɓa makunni sai an gano inda yake fita. Salansar da ta huje kuma tana sakin iskar guba marar wari, irin wadda ke kashe iyalan da suka kwana da janareto a ɗaki. Ciwon kai da jiri a tsakanin fasinjojin jirgi mai rufi dalili ne na kashe inji da buɗe tagogi. Tukunyar kashe gobara a rataye ta a waje da ɗakin inji, inda hannu zai kai gare ta idan wutar ta tashi a ciki.

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ce ke da alhakin rajistar jirage da duba ingancinsu. Tun 2023 tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. Ƙa'idojinta sun hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, sun kuma wajabta rigar kariya, gwamnati kuma na kira da a sauya jiragen katako da na faiba da alminiyam. Amma mashigun ruwa sun fi jami'ai yawa, kuma sauya jirage ba aikin shekara ɗaya ba ne. A yawancin tashoshin ƙauye, Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi da shugabannin ƙungiyar masu fito su ne ke nan kullum, su ne kuma za su iya hana jirgi tashi.

Fasinja ma yana da abin da idonsa zai gane masa kafin ya biya kuɗi. Ya dubi ƙarƙashin ƙafarsa ko ruwa ya taso kan daɓe tun jirgi na gaɓa. Ya lura ko sai da aka yi ta jan igiya kafin inji ya tashi, da kuma ko ruwa na tsartuwa ta bayansa. Ya duba ko akwai filafili da doguwar sanda da anga mai igiya, waɗanda da su ake riƙe jirgi idan inji ya mutu, da akwatin kayan gyara mai ɗauke da fulogi da igiyar tayarwa da farfela ta biyu.